Abin da na kalla a watan nan, da ledar ruwan da ba ta ɗiga

Wannan makon na ɗan jingine zancen rigakafi da kunun yaye. Hirar fim za mu yi, tunda kun sha tambayata abin da nake kallo idan na sauka daga aikin dare, kuma na san da wuya a sami wayar da ake karanta shafin nan da ita wadda ba ta ɗauke da kashi biyu ko uku na wani shiri mai dogon zango. A cikin garin Bodinga masu data suna bin YouTube kai tsaye. A ƙauyukan Shagari, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, yaro ake aikawa da memori wurin masu turi ranar kasuwa, ya dawo da abin da gida zai kalla har mako ya zagayo. Ko ta wace hanya ya zo, fim ya riga ya shiga ɗakunanmu ya zauna daram, kuma ya fi mu ma'aikatan asibiti yawan magana da ku nesa ba kusa ba.

Bari in fara da wanda ya fi taɓa ni, wato Garwashi, wanda Fauziyya D. Sulaiman ta rubuta, Yaseen Auwal ya ba da umarni. Labarin Ma'u ne, matar da mutuwar miji ta buɗe wa ƙofar wahala. Fiddausi Yahaya ce ta hau matsayin, kuma yarinyar nan ta iya shiru. Yawancin jaruman mu idan aka ce su yi baƙin ciki sai su ɗora hannu a ka su kurma ihu har maƙwabta su ji. Ita kuwa kallo ɗaya za ta yi ki ji ƙirjinki ya yi nauyi. Na san irin kallon nan, domin ina ganin sa a kan benci. Mace ta gama takabar wata huɗu da kwana goma, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, hatsin da aka kawo na sadaka ya ƙare, sai ga ta da yaro a baya da katin asibiti a hannu. Idan aka rubuta mata magani ba ta tambayar yadda ake sha, tambayarta ita ce wanne ne a ciki za a iya bari sai wani lokaci. Wanda ya rubuta labari irin wannan ya zauna da irin matan nan, ba ji ya yi a bakin wani ba.

Inda na ɗan saɓa da shirin shi ne yawan muguntar miyagun cikinsa. Mugun fim da ganin sa kin san mugu ne, yana zare ido yana ɗaga murya. Wanda ke cinye gadon marayu a garuruwanmu sau da yawa mai fara'a ne, yana sahun gaba a masallaci, kuma duk ranar da matar ƙaninsa ta tayar da maganar gona sai ya ce, “Ki ƙara haƙuri, ana nan ana dubawa.” Shekara biyar ana dubawa. Irin wannan nake so a nuna mana, don shi ne mai wuyar ganewa.

Labarina na Aminu Saira kuwa, tun daga 2020 da aka fara shi da Sumayya da Mahmud ban taɓa yin fashi mai tsawo ba. Hoto tas, sauti tas, ba ka jin kukan janareta a bayan magana. Amma don Allah a rage tsawon gaisuwa. Mutum zai fito daga mota, ya rufe ƙofa, ya taka har falo, ya zauna, a tambayi gida, a tambayi aiki, a kawo lemo, duk a kan datar da na saya da kuɗin cefane. Sai kuma labarin Mainasara, wanda Sadiq Sani Sadiq ya fito a ciki, attajirin da ya ɓoye dukiyarsa ya shiga rigar talaka don ya sami wadda za ta so shi tsakani da Allah. Na ga yadda maza suka ji daɗin labarin nan, har ya zama abin yi wa 'yan mata gori. Ni kam ban bi su ba. Yarinyar da ta tambayi saurayi sana'arsa ba kwaɗayi ta yi ba, haƙƙinta ta nema, domin ci da sha da sutura da magani addini a wuyan miji ya ɗora su. Ku zo ɗakin masu haihuwa da ƙarfe biyun dare ku ga inda soyayya ba sana'a ke kai mutum, lokacin da aka ce a kawo jini leda biyu, miji ya tsaya yana shafa aljihu. Sannan auren da aka kafa tubalinsa da jarrabawar ƙarya, ita matar wa zai ba ta damar jarraba shi?

Manyan Mata na Abdul Amart ya tara jarumai kamar ranar Sallah, ya kuma ɗauko almajirci da sakin aure da wulaƙanta mata, duk abubuwan da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Niyya mai kyau ce, sai dai wani lokaci jarumar takan daina zama mutum ta koma mai lacca. Idan kaina ya yi zafi Gidan Badamasi nake kunnawa in yi dariya in kwanta. Daɗin Kowa na Arewa24 kuma ya zama kamar tsohuwar maƙwabciya, ko kin yi wata uku ba ki leƙa ba za ki tarar da Kamaye da Adama inda kika bar su.

Wani ɗan ƙorafi a gefe, tunda mu mutanen Sakkwato ne. Me ya sa duk ranar da aka ji Sakkwatanci a fim ɗin Kano, to an zo wurin ban dariya ne? Mai gadi, ko ɗan ƙauyen da ya shigo birni yana kallon bene. Ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa yana karantarwa, nan cikin ƙaramar hukumar Bodinga, ƙasar da ta haifi Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa na farko mai cikakken iko da aka zaɓa a 1979, a ce har yau ba a ga likita ko alƙaliya a fim tana cewa “mi ag gare ka” ba tare da an saka kiɗan barkwanci a ƙasa ba. To, a dai duba.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe. Duk fim ɗin da kika ɗauka, na gida ko na Indiya, ba a rasa fitowar asibiti, kuma nan ne nake kasa kallo kamar kowa. Ba zan kama sunan wani shiri a nan ba, domin laifin na kowa ne, tun zamanin kaset. Kin san fitowar. An gaya wa Alhaji mummunan labari, ya dafe ƙirji ya faɗi. Sai ga shi a gado, an rataya ledar ruwa a kansa. Likita ya fito da abin awo a wuya, ya cire tabarau, ya ce jininsa ne ya hau, a guji ɓata masa rai. Ni kuwa idona yana kan ledar nan. Sau tari ba ta ɗiga ko kaɗan, an dai manna robar da filasta a bayan hannu. Wannan bai dame ni ba, ai ba za a huda ɗan wasa da gaske don a burge ni ba. Abin da ya dame ni shi ne darasin da mai kallo ke tashi da shi.

Darasi na farko, wai hawan jini ɓacin rai ne ke kawo shi rana ɗaya, kwanciyar hankali kuma ta tafi da shi. Gaskiya ne tashin hankali yana iya ɗaga awo na ɗan lokaci. Amma cutar hawan jini a ɓoye take zama shekara da shekaru, mutum yana cin tuwonsa yana dariya, ita kuma tana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Yawancin masu ita ba sa jin komai. Abin awo kaɗai ke gane ta, idan ana samun 140 bisa 90 ko sama da haka a awo daban-daban. Nakan ga mata da yawa da aka ɗora a kan magani, bayan wata biyu su ajiye. In ka tambaya sai a ce, “Ai Sista yanzu mun shirya da maigidan, hankalina kwance.” Shiri da maigida alheri ne, amma ba ya sauke awo. Ranar da ɓarin jiki ya shanye, sai dangi su ce kishiya ce, ko an yi jifa, alhali ƙwayar da aka daina sha tana nan a cikin kwalla.

Darasi na biyu shi ne ledar ruwan kanta. Fim ya koya mana cewa idan ba a rataya leda ba, to ba a yi magani ba. Kaka za ta kawo jika da zazzaɓi, a auna jini, a ga na cizon sauro ne, a ba da ƙwayoyin kwana uku, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi tafiya. “Sista, yaron ga ba shi da ƙarhi, a sa mai ruwa mana.” In ce, “Inna, yana sha da bakinsa, ba ya buƙata.” Ta fita tana ganin an raina ta don ba ta da kowa, wataƙila ma ta zarce wurin mai kemis da zai rataya masa a ƙusar bango.

Bari in gaya muku abin da ke cikin ledar nan. Mai rabin lita ta ruwan gishiri, gishirin cikinta giram huɗu da rabi ne, bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Ta ruwan suga da aka fi sakawa kuwa, giram 25 ne a ciki, kamar cokalin shayi shida. Kofin kunun gyaɗa mai kauri ya fi ta abin gina jiki. Ƙarin ruwa yana ceton rai, babu shakka, ga wanda gudawa da amai suka tsotse har ba ya iya haɗiya, ga wadda ta zubar da jini, ga wanda za a yi wa tiyata, ko idan ana son hanyar tura magani ta jijiya. Amma yana kisa idan aka saka shi inda bai dace ba. Yaron da tamowa ta kama, zuciyarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar ruwa mai yawa lokaci guda. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki idan ta kwanta, wataƙila zuciyarta ce ta gaza, ruwa ya riga ya yi mata yawa a jiki, ƙara mata leda kamar tura ta cikin rijiya ne. Shi kuwa yaro mai gudawa da yake iya sha, abin da ya fi masa shi ne ruwan gishiri da suga na takarda, a dama shi a ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jiki, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana goma zuwa sha huɗu, a ci gaba da ba shi nono. Ban taɓa ganin jaruma tana dama wannan a fim ba. Ina jin bai da kyan hoto kamar leda.

Sai suma. A fim mace ba ta suma sai don dalili biyu, ko ciki gare ta, ko an sake ta. Maganin kuma guda ne, a kwaso ruwa a buta a sheƙa mata, ta ja dogon numfashi ta ce “ina nake?” Idan mutum ya suma a gabanki, ki kwantar da shi, ki ɗaga ƙafafunsa sama kaɗan, ki sassauta abin da ya matse shi, ki kori taron da ya toshe iska. Kada a ɗura masa ruwa ko madara yana cikin wannan hali, domin huhu zai wuce. Idan bai farfaɗo cikin minti ɗaya ko biyu ba, a juya shi gefe a nemi mota.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake nuna jijjiga. Da zarar wata ta faɗi tana karkarwa, kiɗan tsoro zai tashi, a kira mai ruƙiyya, aljani ya yi magana da katuwar murya ya faɗi wanda ya turo shi. Ba ina musun abin da addini ya tabbatar ba, kuma ban taɓa hana kowa addu'a a bakin gado ba, ni ma ina yi. Amma 'yar'uwa, ki riƙe wannan da kyau: mace mai ciki da ya wuce wata biyar, ko wadda ta haihu kwanan nan, idan ta faɗi tana jijjiga, to ki ɗauka hawan jinin masu ciki ne har sai asibiti ta ce ba shi ba ne. Yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wurin haihuwa a arewacin ƙasar nan, kuma ya fi son 'yan cikin fari. Yakan yi sallama kafin ya shigo: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannuwa, zafi a saman ciki wajen ƙahon zuciya. Akwai allurar da ake yi, sunanta magnesium sulphate, tana tsayar da jijjigar, sannan a sauke awo a san yadda za a raba ta da cikin lafiya. Duk sa'ar da aka ɓata ana hayaƙi a ɗaki, daga ranta da na jaririn ake cirewa. A kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa cokali ko tsinke ko yatsa a bakinta, a sa ta a mota, mai addu'a ya shiga motar ya ci gaba a hanya. Haka ma yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da zafin zazzaɓi ya sa shi taune-taune: a rage masa kaya, a juya shi gefe, ba cokali, ba manja, ba hayaƙi, a kai shi a duba ko zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai ko sanƙarau.

Da za a sami shiri ɗaya mai farin jini kamar Labarina ya nuna wannan sau ɗaya tak, uwar miji ta ga fuskar sarakuwarta ta kumbura ta ce a tafi awo yau ba gobe ba, wallahi da ya yi aikin da mu ba mu yi ba a shekara goma muna magana ranar awo.

A ɓangaren Indiya, na sake kallon 3 Idiots na Aamir Khan, wanda ya fito a 2009, saboda ƙannena sun matsa. Har yanzu yana da daɗi, kuma duk uwar da ke tilasta wa ɗanta karatun likita don a kira ta Maman Dakta ya kamata ta gan shi. Amma fitowar haihuwar nan, inda ruwan sama ya tare hanya, wuta ta ɗauke, ɗaliban injiniya suka karɓi haihuwa a kan teburin wasa da na'urar shara da suka sarrafa ta zama abin jawo jariri, sai da na tsayar da wayar na yi salati. Jariri ya fito ba ya numfashi, kowa ya tsaya yana hawaye, sai da aka faɗi kalmar kwantar da hankalin da suka saba faɗa sannan ya motsa. A zahiri minti ɗaya ne gare ki. A goge shi da busasshen zane mai tsabta, a canza wani, a murza bayansa, idan bai yi kuka ba a sa masa 'yar jakar hura iska a hanci da baki. Ba a riƙe shi ta ƙafa a zazzage, ba a watsa masa ruwan sanyi. Jakar nan da hannun da ya iya ta su ne babban dalilin da ya sa muke naci a zo a haihu a asibiti, ko da haihuwa ta takwas ce kuma sauran bakwai duk a ɗaki aka yi su lafiya.

Akwai fina-finai biyu na kudu da suka yi abin da nake nema, kuma ina so ku sa masu turi su nemo muku. Na farko Dry na Stephanie Linus, wanda ya shiga sinimomin Najeriya a 2015. Labarin Halima ne, 'yar shekara 13 da aka aurar, ta sha doguwar naƙuda ta kamu da yoyon fitsari, miji da dangi suka guje ta. Na san wasu suna jin haushin irin waɗannan fina-finai, suna cewa ana tona mana asiri ne a idon duniya. Ni da nake canza wa irin su Halima zanen gado ban ga asirin da ya rage ba. Gyarana ɗaya ne. Mai kallo zai iya tashi da tunanin cewa ƙananan yara kaɗai abin ke samu. Ƙuruciya tana ƙara haɗarin, gaskiya ne, tunda ƙugu bai gama buɗewa ba. Amma ainihin abin da ke huda mafitsara shi ne kan jariri da ya maƙale ya danne nama a jikin ƙashi na tsawon sa'o'i, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu ya zube bayan 'yan kwanaki. Wannan yana iya samun mai shekara 35 a haihuwa ta shida idan yaron ya zo a karkace ko ya yi girma. Yankan gishiri ma yana jawo shi. Naƙudar da ta wuce sa'a 12 ba ta gida ba ce. Kuma ana gyarawa, wannan shi ne abin da mata da yawa da ke ɓoye a ƙuryar ɗaki ba su sani ba. A nan cikin Sakkwato ana aikin a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, akwai kuma babbar cibiya ta ƙasa a Babbar Ruga ta Katsina. Idan kin san wata da ta daina zuwa biki da suna tun bayan wata haihuwa mai wuya, ki je ki same ta ke kaɗai ki gaya mata. Shi kuma fim ɗin, in da hali a kalle shi tare da maigida da uwarsa, domin su ne ke yanke lokacin da za a kira mai mota.

Na biyu 93 Days na Steve Gukas, na 2016, a kan yadda cutar Ebola ta shigo Legas. Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ranar 20 ga Yuli 2014, aka kai shi wani asibiti mai zaman kansa a Obalende. Dakta Stella Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata, ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, takwas suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita. Kun tuna asubahin da waya ta riƙa ƙara a kowane gida ana cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha? A watan Agustan nan ne, kuma har rayuka aka rasa ta dalilin shan gishirin. Da Turanci aka yi fim ɗin, amma ko ba kya ji za ki bi labarin. Ni abin da ya sa ni kuka shi ne Justina Ejelonu, nas ɗin da ta fara aiki a asibitin a daidai lokacin, tana da ƙaramin ciki, ta yi jinyar mutumin, ita ma ta rasu.

Ita ce nas ta farko da na gani a fim na ce wannan tamu ce. A finafinanmu nas aikinta biyu ne. Ko ta bi likita a baya da faranti ba ta cewa uffan, ko ta tsaya a bakin ƙofa tana taunar cingam ta ce ba za a taɓa mara lafiya ba sai an biya. Wani lokaci a ba ta kuɗi ta musanya jarirai. Ba zan ce babu masu kaushin baki a cikinmu ba, akwai, kun gamu da su, ni ma na gamu da su. Sai dai mace mai cikin fari da ta shekara tana kallon wannan, ranar da naƙuda ta kama ta tsoron wa za ta fi ji, ciwon ko mu?

A watan Mayu na 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22 saboda ba su kai an duba kafin su saki ba, har da Labarina da Daɗin Kowa da Garwashi. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Ni dai tunda ana zama a duba sutura da rawa da kalamai, roƙona a ƙara kujera ɗaya a teburin, a zaunar da ungozoma ko nas da ta yi shekara goma a ɗakin haihuwa. Ba sai hukuma ta tilasta ba ma. Marubuci ya ɗauki fitowar asibitin nan, shafi biyu ne ko uku, ya kai wa wata ma'aikaciyar jinya a unguwarsu ta karanta masa. Kano cike take da su, kuma na tabbata da yawa ko sisi ba za su karɓa ba.

Mai Martaba, wanda Najeriya ta tura gasar Oscar ta 2025, shi ne na gaba a layi, don ina son ganin Adam A. Zango a cikin rawani da dawaki. Wadda ta riga ni gani ta faɗa mini a ƙasa ko ya cancanci datar, amma kada ta ba ni labarin ƙarshensa. Mako mai zuwa za mu koma kan maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, da dalilin da ya sa ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku da ake bar miki a hannu ba na ajiya ba ne.